Kada ka kai Mimosa wurin baƙon bijimi

Tulare, Kalifoniya, 3 ga Maris, 1978

Yaya Tibério,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba? Ya Odília da yara? Allah ya sa iskar teku ba ta yaye muku rufi ba.

Ni lafiya lau nake. Kada rubutun nan ya dame ka, da hagu na yi shi. Wata saniya ce ta matse min hannun dama a jikin ƙarfe, yatsu biyu ne kawai suka ji ciwo. Kada ka gaya wa Mama.

Ka ce za ka kai Mimosa wurin baƙon bijimin nan mai dabbare-dabbare, wai don madara. Haba Yaya! Ita kaɗai ce macen da ta rage mana cikin jajayen shanun tsibirinmu, takarkaran Baba kuma sun tsufa. Irin baƙin shanun nan nake tatsa kullum, ɗari huɗu, ba mai suna sai lamba a kunne. Ko ka kira su ba sa waiwayowa. Don Allah ka ja Mimosa zuwa wurin tsoho Hermínio, jan bijiminsa na nan da rai. Na san za ka ce, "Wanda ya gudu ne zai koya min kiwo?" Faɗi, na ji, amma ka kai ta.

Ranar idin Ruhu Mai Tsarki kada ka zuba wa ƙafafun keken shanunmu mai. Bar shi ya yi kukansa, da shi ake gane mu ne tafe tun daga kan tudu. Ka ɗauko min kukan a kaset.

Bana ma ba zan zo ba. Allah ya tsare ku.

Ƙaninka,
Anselmo