Ba a Mayar da Kyauta, In Ji Baba

Gure, ranar Litinin

Zuwa ga yayana Abdulmumini,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Ummul Kulsum da yara, Allah ya raya su, ya kare ku daga sanyin ƙasar nan taku. Mu nan gida sai godiya. Inna ta samu sauƙin gwiwarta har tana zuwa barka da ƙafarta, geron gonar Gidigir ya yi kyau bana, ƙanwarmu Rakiya kuma ta sauka lafiya, an samu mace. Na ɗauki biro ne don kwanan nan in na kira ka sai ka ce kana wurin aiki, ka kashe. To, takarda ba ruwanta da wurin aiki. Za a ɗauki hotonta a turo maka, ka karanta ko a tsaye ne.

Maganar motar kashe gobara ce, wadda ka yi ta faɗi-tashi har pompiye, wato 'yan kashe gobara na garin da kake zaune, suka ba ka ita kyauta, ka aiko wa 'yan kasuwarmu. Ba na raina ƙoƙarinka. Sau nawa wuta ta tashi a rumfunan zana aka kashe ta kafin ta cinye layi. Baba kuwa, da yake shi ne shugaban kwamitin da ke kula da ita, har suna ya samu, Alhaji Umara Mai Pompiye, kuma kullum da safe sai ya bi ta gabanta ya shafa ta kamar dokinsa. Ɗanladi makanike ke tuƙa ta, shi ke danna abin ɗagawa. Mijina Burahima shi ke shiga kwandon da dogon hannun motar ke kaiwa sama, don ya saba hawan dabino tun yana yaro, kansa ba ya juyawa. Ka san duk wannan, ina dai tuna maka wanda ke cikin kwandon.

Sai ga saƙonka na murya a wayar Burahima, kana cewa kamfanin da ya ƙera hannun ya yi shela duk inda motocinsa suke: akwai wani ɗan ƙarfe mai riƙe mai a cikin hannun, an yi shi da aibi, yana iya saki ba sallama kwando ya faɗo da wanda ke ciki. Kada a ƙara ɗaga kowa, a kwance ƙarfen a aika Yamai, za su ba da sabo ba ko dala. Magana a fili. Amma Yaya, don girman Allah, duk faɗin Gure ba ka samu wanda za ka ɗora wa wannan saƙo ba sai surukin Baba? Mutumin da in ya hango Baba tun daga bakin titi yake tuɓe takalma, wanda bai taɓa shan ko ruwa a gabansa ba? Kai ɗan cikinsa ka ji nauyin faɗa masa, sai ka tura wanda ko ido ba ya iya haɗawa da shi. Burahima ya je ya durƙusa a zaure, ya gaishe shi, ya sake gaishe shi, ya yi ta kewaye-kewaye kansa a ƙasa. Ko da ya tashi, abin da Baba ya fahimta shi ne mota na son a ƙara mata mai, har ya sa masa albarka.

Ni na kunna wa Inna saƙon, ita ta kai maganar yadda take. Nan fa aka taɓo Baba. Ya ce ba a mayar da kyauta, ko ƙusa ɗaya ce. Wai a kwance wani abu a jikinta a aika, daidai yake da a ce da kai da mutanen da suka ba ka kayanku ruɓaɓɓe ne. 'Yan kasuwa sun ba da tukwicin bijimi, an yi walima, liman ya yi addu'a, yanzu kuma a ga mota tsaye a garaji da hannu a kwance, da wane ido zai zauna a majalisa? Na aika masa cewa ba waɗanda suka ba da ita za a mayar wa ba, maƙeranta ne, kuma su da bakinsu suka roƙa. Ka san amsar da ya ba ni? Wai ai wannan kara ce kawai suka yi, kamar mai gida ya ce da baƙo in abin bai yi maka ba ka dawo da shi, kuma ɗan mutunci ba ya dawowa da shi. Yaya, na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Kamfani guda a ƙasar Turawa ya zauna yana yi wa Baba kara!

Da a ajiye motar take, da na yi shiru. To, Juma'ar nan za a buɗe sabon masallacin kasuwa, kuma ran Alhamis bayan la'asar ake son ɗora lasifika da alamar jinjirin wata a kan hasumiya. Magina sun ce su ɗaura itatuwa su hau, yadda suka hau suka gina ta. Baba ya ce Allah ya sawwaƙe, garin da ke da mota ba ya hawan itace. An gayyato mutane daga Kelle da Bune su zo su gani. Na ce da Burahima ya ce ba ya hawa. Ya dube ni kamar na ce ya zagi Baba a kasuwa. Wai in surukinsa ya ce hau, da wane baki zai ce a'a, kuma ai rai a hannun Allah yake. Na ce na sani, amma Allah bai ce ka miƙa shi ga ƙarfen da masu shi suka ce kada a yarda da shi ba. Ɗanladi ma ya ce shi kayan aikinsa a shirye suke, umarnin Alhaji kawai yake jira, ba zai taɓa ba sai an ce taɓa.

Jiya kuma suka ƙara mini ciwon kai. Don a rufe bakin masu tsegumi, Baba ya sa aka loda buhunan gero a kwandon aka ɗaga su har saman bishiyar bedi, aka bar su can, aka sauko da su lafiya. Mata suka yi guɗa, maza suka yi ta ba Baba hannu, wani har yana cewa an kunyata Turawa. Kamar an ce musu kullum yake saki! Cewa aka yi wata rana, ba sallama, kuma buhun gero ba shi da mata da 'ya'ya. Ina tsaye gefe da mayafina, na ga mai yana ɗiga daga gwiwar hannun, ya yi baƙi a kan rairayi. Baba ma ya gani. Ya matsa a hankali yana amsa gaisuwa, ya sa takalminsa ya ture ƙasa a kai.

Wannan ya sa na cire kunya na same shi da kaina bayan an watse. Ban taɓa tsayawa gabansa da irin wannan magana ba. Na ce masa na ga abin da ya rufe. Bai yi faɗa ba. Yana jan carbi ya ce shi dai wanda ya ba shi kyautar bai ce masa komai ba, a bakin mutane yake ji. Ya ce da Abdulmumini ne ya kira shi ya ce Baba, ni na aiko, ni nake roƙon a kwance, da wannan daban, don mai kyauta yana da iko da kyautarsa. Ya faɗi haka yana kallon bango. Ka ji, Yaya? Tsohon nan tsoro yake ji kamar ni, ƙofar fita yake nema, kuma kai kaɗai ke iya buɗe ta. Kai kana can kana jin nauyinsa, shi yana nan yana kare mutuncinka, mijina ne a tsakiyarku.

Saboda haka ka kira shi, ba Burahima ba, ba Inna ba, shi. Ka kira da hantsi lokacin da yake zaune da 'yan kwamiti, ya buɗe murya kowa ya ji daga bakinka, ya samu abin faɗa a majalisa. In Alhamis ta zo ba ka kira ba, wallahi na riga na yanke: zan yi wanka in ɗaura zanena na fita, in riga Burahima shiga kwandon, in zauna a gaban baƙin Kelle da na Bune. Sai in ga ko Baba zai ce a ɗaga.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka ji tsoron Allah ka kira. Rakiya mai jego da jaririyarta suna gaisuwa, haka Kawu Idirisa da mutanen gidansa. Burahima ma yana gaishe ka, bai san na rubuta ba. Ka gaishe mini da Yaya Ummul Kulsum, ka shafa kan Fadilu da Nafisa. Allah ya sada mu da alheri, ya sa kowa ya kwana a gidansa ran Alhamis.

Taka ƙanwa,
Nasira Umara