Gwangwani Uku na Malam Habu

Zuwa ga aminina Malam Habu,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma ba ni da wanda zan gaya wa ya gane sai kai.

Makarantarku ta kafa kwamiti a kanka. Wata huɗu da binne ka, ana bincike ko ka ci amanar kayan gwamnati. Kayan da ake magana su ne ƙananan injinan nan uku na jirgin saman wasa, waɗanda Baturen da ya koyar kafinka ya bari, ka yi shekaru kana koya wa ɗalibai kanikanci da su.

Wanda ya gaje ka sunansa Ɗanjuma. Ya yi kwas na wata uku a Ingila, ya dawo Kazaure da jakar hannu da sabuwar mota, ya daina gaida masu gadi. Da aka ce kwamishina zai kawo ziyara, sai ya ga ya dace injinan su yi sheƙi. Ya buɗe gwangwanayen madarar da kake ajiye kowanne a nasa, ya kwance su ƙusa-ƙusa, ya zuba a daro ɗaya, ya wanke da fetur. Da ya harhaɗa, babu wanda ya tashi. Kwamishina ya tsaya a rana yana kallon mutum mai kwat yana bugun farfela da yatsa har ta yanke shi.

Washegari ya rubuta rahoto. A cewarsa, tunda suna ɗaya ne a jikin injinan, kamfani ɗaya, girma ɗaya, dole kayansu su zama iri ɗaya. Tunda ba su dace ba, marigayi ne ya cire na asali ya sa jabu. Shafi shida ya yi, da Turanci mai kyau. Na daɗe a aikin jarida, ban taɓa ganin jahilcin da aka buga da tsabta haka ba.

Da ya tambayi ko ɗan aji biyu, da ya ji abin da ka sha faɗa. Ba shekara ɗaya aka ƙera su ba. Kowane fistan da hannu aka goga shi har ya dace da silindar da yake kai-komo a cikinta, ba ya aiki a ta wani. A ɗaya ya yi sako-sako iska ta zurare, a ɗaya ya cije. Allurar da ke daidaita shigar mai ta na farko gajera ce, ta na ƙarshe doguwa, murɗinsu ma ya bambanta. Don me yake zaton ka ɗaura wa kowane gwangwani zare mai launi daban? Ado?

Matarka Hajara ta ji maganar a gidan suna, daga bakin matan da ba su san tana bayansu ba. Inna mahaifiyarka tana garin Gwiwa, ba a gaya mata ba tukuna. An kuma dakatar da allon da za a kafa da sunanka a ƙofar ɗakin aikin.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ka tuna ranar da ka kai jirgin wasan naka garin Roni, jama'a suka cika fili, hakimi yana zaune, injin ya yi tari biyu ya mutu? Aka yi maka dariya, wasu suka ce ilimin boko ya taɓa ka. Ni ne. Da safen kana alwala, na kwance allurar injin jirgin da ta wani injin cikin ukun don in gani, na mayar da su a musanye. Ina ganin kana gumi, na san dalili, na yi shiru don kada a haɗa da ni a dariyar. Daga baya ka gano musanyar, ba ka tambayi kowa ba. Ka san ni ne? Bambancina da Ɗanjuma bai wuce cewa ni ban rubuta rahoto ba.

Na karɓo kayan da izinin shugaban makaranta, na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo a Kano, yana da ma'aunin da ke gane kaurin gashi. Ya mayar da kowane fistan gidansa. Biyu sun tashi jiya, unguwa ta cika da warin kananzir da man zurma. Na ukun Ɗanjuma ya karce shi da filaya, ya mutu ke nan.

Na rubuta wa kwamitin, na faɗi abin da na yi a Roni, na nemi su bari in tayar da injinan a gabansu. Za su zauna ranar Alhamis. Har yanzu ba su ce za su saurare ni ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka.

Naka har kullum,
Lawan