Tukunyar Dona Marlene

Yaya Hansatu,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna, ya yara? Ni lafiya lau nake a Brazil, sai abin da ba a rasa ba.

Dona Marlene, mai gonar shanun da nake koyon aiki a ciki, ta zuba min wakenta na Lahadi. Na ga naman alade a ciki, na janye hannu. Ta ce, "Ɗana, tukunyata ce ka raina?" Tun daga ranar, da ƙyar take amsa gaisuwata, kuma zamana a nan yana hannunta.

Na gayyace ta cin tuwo ranar Asabar, ta ce, "Mu gani." Don Allah ki rubuto min yadda ake miyar kuɓewa, kada Inna ta ji. Kin san ban taɓa riƙe muciya ba.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Nafi'u