Tabon Haɓar Yaya

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya jikin? Ina gaida maigidan da yara. Na ga kiranki har sau tara. Ba fushi nake ba, wace ni? Da na ga sunanki a waya sai in kasa ɗauka, shi ya sa na ɗauko takarda.

Yau mako uku ke nan da kika kwanta a gadon shagonmu na ɗora miki injin cire gashi a haɓa da saman leɓe. Shekara huɗu ina riƙe da injin nan ban taɓa ƙona kowa ba, sai yayata uwa ɗaya uba ɗaya. Inna ta ce bororon ya fashe, wurin ya yi baƙi, fatar ta yi rami-rami, kuma da takunkumi kike shiga aji. Da ta faɗa, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tun ranar ban sake taɓa injin ba. Ko kunna shi aka yi sai in bar wurin. Yanzu ninke tawul nake yi da goge madubi. Madam mai shagon ta ce ba don ninke tawul ta ɗauke ni ba. Ta ba ni zuwa ƙarshen wata, ko in koma kan injin ko ta nemo wata.

Ki yafe mini, Yaya. Allah ya ba ki lafiya.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Wasiƙa a wannan zamani? Yaran nan sun yi ta juya ta kamar takardar sammaci.

Ki daina wannan shirmen. Fuskata ce ta ƙone, ba taki ba. Na je wajen likitan fata. Ya tambaye ni me na sa wa wurin, na lissafa masa: lemon tsami da maƙwabciya ta ba ni shawara, man goge baki na wata malama a makarantarmu, sai dirza da soso da na ƙara da kaina. Ya cire tabarau ya dube ni yadda nake duban ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Ya hana duka. Ya ba ni mai biyu, ɗaya na warkar da fata, ɗaya na kare rana, wai ko tsakar gida zan fita in shafa. Ramukan kuma sai baƙin ya lafa zai riƙa bin su da wasu ƙananan allurai, sau ɗaya a wata. Ya ce in manta da gaggawa.

Mutumin nan ya cika tambaya kamar ɗan sanda, amma ya san aikinsa.

Ki koma kan injinki. Yayarki ce ke ba ki umarni. Ki gaida Inna.

Yaya

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na gode da ba ki ɗauke ni da zafi ba, sai dai sauƙin naki ya fi mini ciwo, don akwai abin da ban faɗa miki ba.

A shagonmu duk wadda ta zo sai ta cika takardar tambayoyi, sannan a gwada injin a ɗan wuri bayan kunnenta, a jira kwana biyu a ga yadda fatar za ta karɓa. Ke ban yi miki ko ɗaya ba. Kin ce kina sauri, taron iyayen yara ya matso, kuma kin gaji da tsinkar gashin nan da hantsaki. Ni kuwa ina so ki ga ƙanwarki ta iya. Da baki kawai na tambaye ki ko kina shafa wani abu, kika ce sabulu da man kadanya. Na duba hasken fatarki na saita lambar zafin injin. Na yi ta juya lambar nan a kaina, ita ce wadda nake sa wa masu irin haskenki. Idan lamba daidai ce, to hannuna ne ya lalace, kuma ba zan kai shi fuskar 'yar mutane ba.

Na gaya wa Madam ta fara neman wata. Saura kwana shida. Inna ba ta sani ba tukuna.

Allah ya ƙara sauƙi.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Sau uku ina yaga takardar nan. Ki karanta ke kaɗai.

Ba hannunki ba ne. Ƙarya na yi miki, na kuma yi wa likita.

Shekara biyu ina shafa man bilicin. A kwalbar man kadanya nake juye shi, ko maigidan bai sani ba. Abin ya fara ne da wani hoton malamai da aka liƙa a ofishin shugabar makaranta. Wata ta ce in ba don haƙorana ba da ba a gan ni ba. Aka yi dariya, har da ni. A makon na saya. Ni da na mare ki kina 'yar shekara goma sha biyar don na ga irinsa a jakarki, na ce wanda bai gode wa halittarsa ba ya raina Mahaliccinsa. Ki gaya mini, da wane baki zan amsa miki a gaban 'yan shagonku?

Jiya na koma asibiti, don baƙin ƙaruwa yake yi. Likitan bai ko dubi haɓata ba, hannuna ya kama ya juya. Ya ga yadda gaɓoɓin yatsuna suka yi duhu, ya ce, “Malama, shekara nawa?” Na yi kuka a gabansa kamar yarinya. Ya ce man ya cinye mini fata ta yi laushi, zafin da wata za ta ɗauka lafiya ni dole ya ƙona ni. Kuma muddin ina shafawa, wanda ban daina ba har makon jiya, maganinsa aikin banza ne. Tabon zai ragu, amma ya ce kada in sa rai ya ɓace duka. Kalata ta asali za ta dawo, har ta fi da duhu kafin ta daidaita. Kowa zai gani.

Na bar ki kina cin kanki wata guda don in rufe kunyata. Kada ki bar aikinki saboda ƙaryata. In kin ga dama kada ki ƙara kirana Yaya.

Ni ce

*

Yaya,

Ina gaishe ki.

Na ga yatsun naki ranar a shago, lokacin da kika ɗora hannu a ƙirji. Zuciyata ta ce in sake tambaya, na kasa. Da wata ce da na tambaye ta sau uku. Ke kuwa yayata ce, na ji nauyinki, na kunna injin. Don haka kada ki kwashe laifin duka, ki bar mini nawa.

Na koma kan injin shekaranjiya.  Yau wata sa'ar Inna ta zo, ta rantse ba ta shafa komai. Na ce ta miƙo hannu in gani. Ta zage ni tas ta fita. Madam ta tambaye ni ina na samo wannan rashin kunyar. Ban gaya mata ba, kuma Inna ma ba za ta ji daga bakina ba.

Ranar Alhamis zan zo mu je wajen likitan tare.

Ƙanwarki,
Auta