Ban Shiga Silima Ba Tukuna, Sulafa

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, Sulafa ta Baba Ɗantsoho, inuwar tsamiya ga wanda rana ta gasa, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa! Ina gaishe ki daga Alƙahira, gaisuwar wanda ya kasa zama wuri guda.

Jiya yayanki Osama ya iso unguwarmu ta Hadayek el-Ma'adi da Inna da ƙannenki. Na ruga tarbarsu, ina duba fuska bayan fuska, ban ga taki ba. Ya ce Baba ya ƙi barin gari duk da yaƙin nan, ke kuma kin rantse ba za ki bar shi shi kaɗai ba. Ya dafa kafaɗata ya ce ma'alish, wai in yi haƙuri. Ma'alish! Ina zan kai ma'alish? Tun jiya abinci ya ƙi shiga. Yau a kasuwar Ataba, inda nake dako, sau biyu na kai kayan mutane shagon da ba nasu ba.

Kin tuna tsohon gidan siliman garinmu? An rufe shi tun muna goye, amma mabuɗi na hannun Baba, don shi ne mai kunna injin fim a da. Bayan la'asar yakan buɗe ya share ƙura, mu kuma mu zauna a bencin da ya karkace. Ba rufi, tantabaru sun yi gida a ramin da haske ke fitowa, akuyar maƙwabta na kiwo tsakanin kujeru. Sai ki miƙe gaban farin bangon nan, ki ba ni labarin finafinan da ba ki taɓa gani ba, yadda kika ji a bakin Baba. Ke ce sarauniya, ke ce ɓarawo, ke ce dokin ma! Ranar da kika manta ƙarshen labari, kika rufe fuska da mayafi kina dariya, ranar zuciyata ta bar hannuna.

A nan gidajen silima kamar taurari, fitilu ja da kore, mutane na shiga bibbiyu. Nakan tsaya bakin ƙofa, ƙafata ta ƙi. Yaya zan zauna gaban allo babu ke? Wa zai juyo ya gaya mini ba haka labarin yake ba?

Ban ce ki bar Baba ba, ya farin watana. Da kin bar shi, da ba ke ba ce. Lallashe shi! Ki ce masa ɗakina nasa ne, ni zan kwana a baranda. Ki ce ya taho da mabuɗinsa, ba mai raba shi da shi.

Tarig, direban motar da ta kawo su Osama, zai kawo miki wannan takarda. In ya dawo da ku, na gode wa Allah. In ya dawo kujerunku babu kowa, shi ke nan, ni zan hau motar in taho. Kada ki aiko ki hana ni, ba zan ji ba.

Naki a raye, naki har ƙasa ta rufe idona,
Bakri