Ranar da Muka Ja wa Iveren Labule

Anka, Jihar Zamfara.

Zuwa ga Yaya Bilkisu,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ku lafiya a Ibadan, ke da Alhaji Namadi da yara. Allah ya sauƙaƙa ciwon gwiwar nan da kika ce yana hana ki hawa bene. Mu nan sai godiya. Gero ya shigo gida, ƙafar Inna ta yi sauƙi, bakinta kuwa dama ba abin da ya same shi.

Yaya, gyara zama ki ji yadda na kusa jawo wa gidanmu abin kunya. Makarantar kwanan da ɗiyata Raihana take a Gummi, ana kawo musu yara daga wasu jihohi a tsarin musayar ɗalibai. Cikinsu akwai wata 'yar Binuwai mai suna Iveren, Kirista ce, ajinsu ɗaya. Da hutun tsakiyar zango ya zo aka nemi gidajen da za su riƙe su, don garuruwansu da nisa, ga halin da hanyoyi suke ciki. Ni da bakina na ce a ba ni ita. Shugabar makaranta ta ja mini kunne cewa uban yarinyar dama a ɗar-ɗar yake da Zamfara. Ya ce duk ranar da ta kira shi ta ce ba ta ji daɗi ba, zai turo a ɗauke ta, karatun ma a haƙura da shi. Ga shi tana ajin ƙarshe, jarrabawar fita na gabanta.

Da azahar suka iso ita da Raihana. Doguwar yarinya siririya, ta ƙanƙame jakarta kamar za a ƙwace. Ta durƙusa ta gaida Inna da 'yar Hausar da ta tsinta. Na yanka zakaran nan da nake ta tattali, na tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, Hure mai nono ta aiko da nono daga ruga aka dama fura. Na shimfiɗa mata sabuwar tabarma a ɗaki, na jera kwanoni, na ja labule. Na kori kowa har Raihana, na ce a bar baƙuwa ta ci a tsanake, kar a sa mata ido.

Bayan la'asar na shiga kwashe kwanoni, sai na tarar ko murfi ba ta ɗaga ba. Wallahi Yaya raina ya ɓaci. Nan take na raya cewa labarin gubar dalma ta Bagega da Dareta ne ya kai musu, aka hana ta cin abincin mutanen Anka. Na fito tsakar gida ina ta sababi, ina cewa mu da muke ci kullum mutuwa muka yi? Inna ta ce in rufe mata baki, wai tun ina ƙarama sai na yanke hukunci nake tambaya. Ta tura Raihana ta je ta ji.

Sai ga Raihana ta fito idonta jawur. Ashe kuka yarinyar take yi. A wajensu ba a ajiye wa baƙo abinci a fice, masu gida ke fara sa hannu a ci tare. Da ta ga an ware ta an ja labule, sai ta ɗauka ƙyamarta muke yi don addini ba ɗaya ba. Har ta fito da lambar ubanta a waya, dannawa ce kawai ta rage. Lallai shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Kin san Inna da kunya, ko surukanta ba su taɓa ganin lomarta ba. Sai ta dogara sanda ta shiga ɗakin, ta wanke hannu, ta yanki tuwon da ya riga ya huce ta kai baki. Sannan ta tura wa Iveren cinyar zakara ta ce, "Ci, ɗiyata. Nan gidanku na." Ni da Raihana muka zauna muka sa hannu, ina ci ina jin nauyin kaina. Yarinya ta ci da hawaye a fuska, har ta nemi ƙarin miya.

Da muka gama ta kira uban, ni kuwa na kasa kunne. Raihana ta fassara mini cewa ta ce kar ya turo kowa, ta samu kaka a Anka. Ya nemi a ba ni wayar, ba abin da yake maimaitawa sai na gode, na gode. Na shiga ɗaki na yi sujadar godiya.

Ki gaida Alhaji, da Abdussamad, da Shamsiyya da jaririnta. Inna na sa muku albarka. Iveren na nan gefena tana tsinkar zogale, ta ce a sa sunanta cikin masu gaisuwa.

Ƙanwarki,
Zinatu.