Hannun Tatay

Bologna, Maris

Kakata Lola Pacing,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Ni kam na kasa zaune na kasa tsaye.

Ran Lahadi Matteo, saurayin da na ba ki labari, ya kai ni gidansu. Ina ganin kakarsa sai jikina ya yi abin da ya saba: na sunkuya, na kama hannunta na ɗora a goshina, yadda muke gaida manya a Filifin. Tsohuwa ta fizge, wai, "Yarinyar nan zazzaɓi take yi ne?" Kowa ya kwashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na dawo gida na tarar da 'yan cocinmu cike da falo. Babana Tatay ya miƙo mini hannu yadda ya saba, ni kuwa don haushi na tsallake hannun, na sumbace shi a kumatu irin na Italiyawa. Lola, hannun nan ya daɗe a miƙe. Tun ranar ɗanki bai ce mini ko ci kanki ba, kuma abin yana cina.

A nan aka haife ni, amma a makaranta 'yar Filifin ce ni, ku kuma kuna ce mini 'yar Italiya. To ina zan sa kaina?

Jikarki,
Giada

Mabini, Afrilu

Giada, mai sunan da ya gagari bakina,

Na gode Allah, gwiwa tana nan da halinta. Wasiƙarki ta ba ni dariya, daga baya ta sa ni kuka.

Ke da hannun tsohuwar mutane! Ai sai ki tambaya kafin ki cafka.

Amma saurara. Kafin ubanki ya tafi can, shugaban makaranta ne a garin nan. Da safe yara layi suke yi don su ɗora hannunsa a goshi. Yanzu da hannun nan yake yi wa wani tsoho wanka, tsohon da har yau bai riƙe sunansa ba. Goshinki kaɗai ya rage masa a can Italiya. Ba zai taɓa faɗa miki ba, taurin kan ubansa ya ɗauko.

Ki yi abin da kika ga dama da Matteo, amma ki turo hotonsa in ga ko ya kai a sha kunya dominsa.

Allah ya tsare ki,
Lolarki

Bologna, Mayu

Lola,

Gaisuwa. Jiya Tatay ya dawo daga aiki, na tare shi a ƙofa na sunkuya zan kama hannunsa. Ashe shi ma ya shirya, ya kawo fuska zai sumbace ni irin na Italiyawa. Goshina ya daki hancinsa har da jini.

Yana toshe hancin ya ce, "Ke, kashe ni za ki yi?" Maganarsa ta farko ke nan. Na yi dariya har na yi kuka.

Anjima zai shigo, kuma har yanzu ban san wanne zan yi ba.

Taki,
Giada